Haƙarƙari Huɗu da Ban Mayar Ba

Ruwan bana ya zo da ƙarfi. Ranar Talatar da ta wuce na kai yashi wani gini a bayan kasuwar katako ta Dei-Dei, don yanzu tifa nake ja, sai ruwa ya tsare ni a bakin hanya. Ina zaune cikin mota ina jira ya tsagaita, idona ya faɗa kan wata tirela mai tamfol da aka ajiye kusa da kwalbati. Rufinta ya lotsa a tsakiya, ya yi ciki, ruwa ya taru a kai kamar tafki. Mutane na wucewa da gudu, ba wanda ya ɗaga kai. Tun daga nesa na san abin da ya jawo haka: wani ya yi ƙyuyar mayar da haƙarƙari.

Wanda bai taɓa jan irin wannan mota ba, sai na yi masa bayani. Ba kwantena ba ce da za ka rufe ƙofa biyu ka kama hanya. Bayanta kamar rumfa yake. Akwai ginshiƙai a gefe, da katakai da ake jerawa tsakaninsu, sannan a sama akwai ƙarafa masu ɗan lanƙwasa da suke ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan. Su muke ce wa haƙarƙari. Su ke ɗaga tamfol ya yi doro, ruwa ya gangare. Tawa tana da goma sha huɗu. In za a yi lodi ta sama, sai ka kwance duk wannan, ɗaya bayan ɗaya. In an gama, ka mayar, ka ja tamfol mai nauyin buhu biyu, sannan ka zura wata doguwar waya ta cikin zobban da ke kewaye da bodi, zobe bayan zobe, har bakin wayar biyu su haɗu a baya. A nan kwastan ke buga sil, wato hatiminsu na kullewa. Daga lokacin, ko allurarka ce ta faɗa ciki, ba ka da ikon buɗewa sai a inda takarda ta ce.

Na tsani motar nan. Har yau in na tuna ta sai tafin hannuna ya yi ƙaiƙayi. Direbobin kwantena suna zaune a inuwa suna shan rake, mu muna lilo a sama kamar birai. Sukan ce mana, "Masu rumfar biki, yau auren wa?"

Shekarar da nake magana a kai, sama da shekara goma ke nan, azumi ya faɗo a tsakiyar damina. Ina aiki da wani ɗan kamfani a Dei-Dei mai tireloli shida, duk kwancen Turai. Muna ɗauko kayan gini daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano mu kawo Abuja. Mai kula da yadin da muke ajiye motocin wani ne Oga Sunday, mutumin kirki mai saurin fushi, Hausarsa ta kasuwa ce. A kusurwar yadin kuma, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, akwai Baba Ilu mai ɗinkin tamfol. Bakatsine ne, siriri, yatsunsa duk kanta. Basilla, zaren nailan, kakin zuma da gwangwanin gam, kayan aikinsa ke nan. Ba tirelolinmu kaɗai ba, rabin motocin Dei-Dei shi ke toshe musu rufi. Abin da yake ci da iyalinsa ke nan, ba shi da gona a nan, ba shi da shago. Sunansa ne jarinsa.

Kafin tafiyar na nuna masa wata huda a tsakiyar rufina. Ya wuni a kai. Ya sa faci ciki da waje, ya yi ɗinki layi biyu, ya goga kaki. Da ya gama ya ce in ɗebo bokiti.

"Zuba, Garba. Zuba duka, kar ka ji tausayina."

Na zuba. Ko ɗigo bai sauka ba.

"To, nawa ya ƙare," in ji shi. "Saura naka. Tamfol ba ya ɗaukar ruwa, gangarar da shi yake. Ka ba shi doro."

"Baba, yau na fara mota?"

"A'a. Shi ya sa nake faɗa maka. Sabon shiga ba ya raina ƙarfe."

A gida, a Dutse Alhaji, damina ta same mu a ɗaki ɗaya mai yoyo. Matata Hajara ta san wurin kowane ɗigo; da hadari ya haɗo za ta jera kwanoni, ta janye tabarmar yara. Sabon hatsi bai shigo ba, tsohon ya yi wuya. Itace jiƙaƙƙe, hayaƙi ya fi wuta yawa, idonta kullum ja. Duk da haka ta haɗa mini guzuri kamar kullum: garin kunu a leda biyu don kar ya sha ruwa, tsamiya, ƙanzo, yaji, da dabino ɗan kaɗan da ta ɓoye wa yara. Ta ce, "Malam, ka dawo mana kafin goman ƙarshe." Na ce in Allah ya so.

Mu biyu muka tafi, ni da abokin aikina Tanimu, kowa da motarsa. Kamfanin bai yarda da ɗaukar mutum na biyu ba in za a ƙetare boda, saboda takardu. Don haka ni ne hannun Tanimu, shi ne nawa.

Kwana tara muka yi a Kwatano muna jiran layi. Zafin can ba irin namu ba ne. Ba ya ƙona ka, dafa ka yake. Iska mai gishiri, riga ba ta bushewa, ƙarfe na tsatsa kana kallo. Da hantsi ya yi sai harshe ya manne a dasashi. Mukan shimfiɗa kwali ƙarƙashin tirela mu kwanta, muna ƙirga ƙafafun masu wucewa. In rana ta faɗi Tanimu ya hura risho, in dama kunu, mu raba dabino biyu biyu. Ranar shida dabino ya ƙare. Ranar bakwai kananzir ya ƙare. Muka koma jiƙa ƙanzo da ruwan sanyi da yaji.

Ranar Juma'a aka kira mu. Kayan farin gari ne da ake yin silin ɗaki da shi, a buhunan takarda. Wanda ya san garin nan ya san ba ya shiri da ruwa: ya jiƙe, ya daskare, ya zama dutse. Aka fara da motar Tanimu. Muka kwance tare, aka yi lodi, muka mayar tare, haƙarƙari duka, yana miƙo mini ina ɗaurawa. Aka buga masa sil. Masu gadi suka ce ba a tsayawa da kaya a ciki, ya fita. Ya leƙo ta taga ya ce, "Zan jira ka a bakin ƙofa." Can ma suka kore shi. Ya wuce boda.

Nawa lodin bai ƙare ba sai bayan la'asar. Leburori suka karkaɗe jiki suka watse. Wani ya ce mini ofishin masu buga sil ya kusa tashi, in na rasa yau sai Litinin. Sai Litinin, ba abinci, ba abokin tafiya.

Na hau ni kaɗai. Biyar na gaba na mayar. Biyar na baya na mayar. Saura huɗu na tsakiya, su ne masu wuya, don kaya sun kusa taɓa sama, sai ka ja ciki a kan buhuna kana riƙe ƙarfe da hannu ɗaya. Ƙarfen ya sha rana, yana ƙona tafi. Garin ya shiga hancina, ya shiga idona, kuma ba damar kurkure baki da daɗi. Na ɗaga kai na dubi sama. Tas, ko gajimare ɗaya babu. Na ce a raina, kwana huɗu ne fa. In na ja tamfol ya yi tauri sosai, zai riƙe.

Ba mantuwa na yi ba. Ina so wannan ya fito fili. Na dube su, na ƙirga su, na sauko da su, na ɗaure su a ƙarƙashin bodi kusa da safaya taya. Na ja tamfol, na zura waya, aka buga sil ana gab da rufe taga. Har daɗi na ji, na ga kamar na yi dabara.

Muka haɗu da Tanimu a boda. Aka duba sil, aka ƙara wani, aka sake mu. Legas lafiya. Muna barin Ibadan gabas ta yi baƙi.

Ruwan kudu ba ya sallama. Ya sauko kamar an kifar da randa, ya ƙi tsayawa. Tun a awa ta farko na ji motar ta canza. In na taka birki sai in ji wani nauyi ya taho daga baya ya buge ni, in na saki ya koma. Na tsaya na ce wa Tanimu ya yi gaba, taya zan duba. Da ya ɓace na hau sama. Tsakiyar rufin ya zama kududdufi, ruwa har ƙauri, kuma daidai kan facin Baba Ilu.

Ƙarafan da za su gyara komai suna nan ƙarƙashina, taku biyu. Amma ta ciki ake sa su, ciki kuwa yana bayan waya da sil biyu. In na yanke, na zama ɗan fasa-ƙwauri. Na tsaya cikin ruwa ina zagin motar, ina zagin wanda ya ƙera ta, ina zagin kamfani da ya hana mu mutum na biyu. Kowa na zaga ban da mutum ɗaya.

Na yanke bakin galan na fara kwarfa. Haka na yi ta yi kwana uku. In yi tafiyar rabin awa, in tsaya, in hau, in kwarfe, in sauko. Tamfol jiƙaƙƙe yana da santsi kamar kuɓewa. Sau biyu na kusa faɗowa. Tsakanin Okene da Lokoja wata tanka ta kwanta ta tare hanya, muka wuni biyu a layi cikin jar laka har gindin taya. Ruwa a kaina, ruwa a ƙafata, ruwa na bin gemuna, maƙogwarona kuwa kamar an zuba toka. Wani direba ya ce, "Malam, kai matafiyi ne, Allah ya ba ka sauƙi, sha ruwa mana." Na ce ni ban taɓa ajiye azumi a hanya ba. Da alfahari na faɗa. Na danne leɓena kada ɗigo ɗaya ya wuce.

Bayan Koton Ƙarfe, da azahar, ruwa ya ƙara ƙarfi, ga gangara, ba wurin tsayawa. Na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Motar ta yi tsalle ta dira, sai na ji ƙara daga baya, irin ta yagewar sabon yadi. Daga nan nauyin da ke bugu na ya daina. Na san inda ya tafi.

A Abaji na tsaya. Ta ƙarƙashin bodi wani farin ruwa ke tsiyaya kamar an zubar da nono, ya yi layi a kan kwalta har inda ido ya ƙare. Na hau. Tamfol ya yage tsawon hannu biyu, tun daga gefen facin. Facin kansa yana nan daram, zare ɗaya bai tsinke ba. Na daɗe ina kallonsa. A nan, ba a Dei-Dei ba, na shirya abin da zan ce.

Washegari da hantsi, na isa Dei-Dei, jami'in kwastan ya zo yadi ya yanke sil. Kafin kowa ya hau na riga shi, na yi ta kwance haƙarƙari ina jefowa ƙasa ta gefen da ba mutane, na zaga na kwanto huɗun nan na cusa cikin tarin. Goma sha huɗu cif.

Aka yaye tamfol. Buhunan tsakiya, daga sama har ƙasa, sun haɗe sun zama dutse ɗaya. Wani lebura ya buga da guduma, ta yi ƙara kamar ya bugi kankare. Oga Sunday ya riƙe kai.

"Garba! Wannan mota shi ya shiga kogi ne? Me zan gaya ma mai kaya?"

Na ce, "Oga, ni tuƙi na sani. Ka dubi inda ya yage."

Ya duba. Ya ƙwala wa Baba Ilu kira. Kafin ya iso mutane sun taru, direbobi, leburori, masu shayi, makanikai, sun kai ashirin. Baba Ilu ya durƙusa kan tamfol, ya bi ɗinkin da babban yatsa, a hankali, layi biyu.

"Ɗinkina bai buɗe ba, Oga. Nauyi ne ya yaga. Ruwa ya kwanta a nan."

"Ruwa ya kwanta don me?"

Baba Ilu ya miƙe ya nufi tarin ƙarafa. Ya ƙirga. Na ga ya ɗan tsaya. Sai ya fara ware su, waɗannan nan, waɗancan can.

"Oga, zo ka gani. Goma fari fat da gari. Huɗu jar laka. Ƙarfen da ya kwana cikin mota, ina ya samo laka?"

Na ce, "Yanzu suka faɗi ƙasa."

"Ƙasar yadin nan baƙa ce, Garba, duk baƙin mai. Wannan ja ce, kuma ta bushe ta yi ɓawo."

Ina jin idanu a kaina. Na tuna ɗakin Dutse Alhaji da kwanonin Hajara. Da a lokacin na ce, Oga, na gaji ne, ni kaɗai ne, da wataƙila kora ce, wataƙila dakatarwa. Ban sani ba, don ban gwada ba. Abin da na yi shi ne na ɗaga hannu sama.

"Na rantse da azumin da ke bakina, duka sha huɗu na mayar."

Nan take wurin ya juya. Aka fara, "Kai, ya rantse." "Baba, bar maganar, ya rantse." Oga Sunday ba Musulmi ba ne, amma ya daɗe cikinmu, yana girmama watan. Ya ce, "Mutum mai azumi ba zai yi ƙarya. Baba, ka tsufa, ido ya gaji. Kwashe kayanka."

Baba Ilu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Oga, ni ma azumin nake."

Ya naɗe basillarsa a tsumma, ya ɗauki gwangwanin gam, ya fita. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba.

Kwana uku na hana ɗigon ruwan sama wuce leɓena, rantsuwar ƙarya kuwa ta fita ba ko tangarɗa.

Magana a tasha ba ta da birki. Kafin Sallah duk Dei-Dei ta ji ɗinkin Ilu ya lalata lodi guda. Ya koma bakin titi, yana wuni ba wanda ya shimfiɗa masa tamfol. Nakan canza hanya don kada in gan shi. Bayan damina aka ce ya kwashe iyalinsa ya koma Abaji. Ni na ci gaba da ja, Kwatano, Lome, har Akara. Ban sake barin ƙarfe ko ɗaya ba, har ana ba da misali da ni. Wannan ma wani ciwon ne. Na yi kaffarar rantsuwa a ɓoye, na ɗauka an gama. Ba a gama ba. Duk damina, da na ji ruwa a kan kwano, sai in ga yatsan nan yana bin ɗinki.

Ranar Talatar nan da na ga tirelar mai ciki, na kasa cin abinci. Na gaya wa Hajara komai, karo na farko. Ta ce, "Shekara nawa muna cin wannan, Malam?" Ranar Alhamis na hau mota zuwa Abaji.

Na same shi a bayan kasuwa, a wata rumfa, yana ɗinkin buhunan masara. Ya rame, ya sa tabarau mai kauri da aka ɗaure da zare. Na yi sallama na durƙusa.

"Baba, ni ne Garba. Garba direba, na Dei-Dei."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Mai haƙarƙari huɗu."

"Ni ne, Baba. Ban mayar da su ba. Ƙarya na yi. Ka yafe mini."

"Ka zo daga Abuja ka gaya mini abin da na gaya maka?" Ya ja zare da haƙori ya tsinke. "Zauna kan buhu, gwiwarka ba ta yaro ba ce. Yafiya, na yafe tun shekarar, don in samu in yi salla da zuciya ɗaya. Wannan tsakanina da Allah ne. Amma in tambaye ka. A gaban mutum nawa ka rantse?"

"Sun kai ashirin."

"Yanzu mu nawa ne a nan?"

"Mu biyu."

"To."

Ya ɗauki wani buhun ya ci gaba. Na ciro kuɗin da na zo da su a aljihu, ya ture hannuna da bayan basilla, bai ko kalla ba.

"Ba wannan ka ɗauka ba, Garba. Abin da ka ɗauka shi za ka mayar."

Jiya na wuni a Dei-Dei ina neman mutum ashirin. Yadin ya zama layin shagunan tayil, an sare darbejiyar. Oga Sunday ya koma garinsu tun da kamfanin ya rushe, ba mai lambarsa. Tanimu Allah ya yi masa rasuwa. Makanikan sun watse. Tirelolin yanzu labule gare su, a ja a rufe cikin minti kaɗan, masu jan su ba su san wahalar da nake faɗa ba. Na samu mai shayi ɗaya da nake zaton yana wurin ranar. Na tsaya a gaban teburinsa na faɗi komai da ƙarfi, har masu shan shayi suka juyo. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Allah sarki. Wane Ilu?"

Na rasa inda zan kai maganar. Shi ya sa na zauna na rubuta, da ɗan karatuna, ko za ta faɗa hannun wani da ya tsaya a yadin nan, ko wanda ya ji labarin a tasha ya ɗauke tamfol ɗinsa ya kai wani wuri. In kana cikinsu, ga abin da ya faru. Haƙarƙari goma na mayar. Huɗu na ɗaure ƙarƙashin bodi da hannuna, ina sane. Rantsuwar da kuka ji ta ƙarya ce. Baba Ilu yana Abaji, bayan kasuwa, rumfa ta uku daga masu awon masara, kuma ɗinkinsa bai buɗe ba.